Kumburi da haki bayan haihuwa: Abin da Farfesa Ƙaraye ya gano game da zuciyar masu jego

A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mace ta sauka lafiya gida kan cika da murna. A zo barka, a yi suna, a riƙa ɗora tukunyar ruwan wanka safe da yamma har a cika arba'in. Amma akwai masu jegon da jikinsu ba ya komawa daidai. Ƙafafu su kumbura, tari ya hana barci, tafiya daga ɗaki zuwa madafa ta zama babban aiki. Idan ta kwanta sai ta ji kamar an danne mata ƙirji, dole ta tashi ta jingina da bango har gari ya waye.

A nan kowa sai ya kawo tasa fassarar. Wata ta ce sanyi ne ya shige ta. Wata ta ce ruwan wankan ne ba ya zafi, a ƙara itace. Wata ta ce jinin haihuwa ne bai gama fita ba. Wasu kuma su koma ga iska ko sammu. Ana ta wannan, kwanaki suna wucewa, zuciyar baiwar Allah tana ƙara galabaita.

Wannan ciwo sananne ne a wurin likitoci. Raunin zuciya ne da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, a katin asibiti kuma za ki ga an rubuta shi da haruffa huɗu: PPCM. Babu inda aka samu yawansa a duniya kamar arewa maso yammacin Nijeriya, wato yankinmu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ba da lokacinsu wajen bin diddiginsa shi ne Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye, likitan zuciya a Kano. Abin da ya gano ya shafi kowace uwa, ya kuma sauya wasu abubuwan da aka daɗe ana faɗa.

Wane ne Farfesa Ƙaraye?

Ƙwararren likitan zuciya ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma farfesa a Jami'ar Bayero. Yana duba marasa lafiya, yana koyar da ɗaliban likitanci, yana kuma bincike.

Tun a shekarar 2008 ya wallafa wani nazari tare da abokin aikinsa Mahmoud Sani, wanda shi ma yanzu farfesa ne a fannin zuciya, a kan marasa lafiyar da ake kwantarwa a Kano saboda gazawar zuciya. Duk likitan da ya yi aiki a ɗakin kwanciyar mata a arewa ya san cewa cikin masu irin wannan ciwo akwai 'yan mata ƙanana, wasu haihuwar fari, da jariri a gefen gado. A ƙasashen Turai gazawar zuciya galibi ciwon tsofaffi ne. A nan kuwa tana kwantar da matan da ba su kai shekara talatin ba.

Bayan ya riga ya zama ƙwararre, ya sake komawa ɗalibi. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Umea da ke arewacin ƙasar Suwidin, ya kammala a 2016, inda ya yi aiki da masana zuciya biyu, Michael Henein da Krister Lindmark. Jami'ar tana Turai, amma matan da aka yi binciken a kansu na Kano ne. Daga asibitoci uku na birnin aka tattaro su, aka bibiye su har shekara guda ana ɗaukar hoton zuciyarsu ana auna jininsu.

Shekara nawa ake yi kafin a zama likitan zuciya?

Uwargida, idan kina da ɗa ko 'yar da ke burin wannan aiki, ga yadda hanyar take a Nijeriya.

Da farko shekara shida a jami'a ana karatun likita. Bayan an kammala, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a babban asibiti, a zagaya sashen manya, na yara, na tiyata da na haihuwa. Sai shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Har zuwa nan mutum likita ne na gama-gari.

Mai son ƙwarewa sai ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbi a asibitin koyarwa. Hukumomi biyu ne ke kula da wannan horo: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Zangon farko ana koyon cututtukan manya baki ɗaya, kamar ciwon suga, ƙoda, huhu da hanta. Idan an haye jarrabawa sai a shiga zango na biyu, inda ake tsayawa a kan zuciya kaɗai: karanta zanen bugun zuciya, ɗaukar hotonta, daidaita magunguna, da rubuta kundin bincike. Zangunan biyu kan ci shekara biyar zuwa shida, ga kwanan asibiti, ga jarrabawar da ba kowa ke hayewa a karon farko ba.

Idan kika haɗa, daga shiga jami'a zuwa zama ƙwararre ana neman shekara 13 zuwa 15. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitocin zuciya ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane. Shi ya sa ya kamata uwar da ke ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar ta san alamomin ciwon da kanta, don ba lallai ne ƙwararre ya zama mutum na farko da zai gan ta ba.

Me ke faruwa da zuciyar?

Zuciya tsoka ce, aikinta harba jini zuwa ko'ina a jiki. Idan mace tana da ciki, jinin jikinta kan ƙaru da kusan rabi, don haka zuciya ta yi wata tara tana ɗauke da kaya mai nauyi. Yawancin mata zuciyarsu na jure wannan ta koma daidai bayan haihuwa. Amma a wasu, tsokar kan yi laushi, babban ɗakin zuciya na hagu ya buɗe, ƙarfin bugun ya ragu.

Lafiyayyar zuciya a kowane bugu tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin wannan ɗaki. Idan hoton zuciya ya nuna abin da take fitarwa bai kai kashi 45 cikin 100 ba, kuma ba a ga wani dalili daban ba, likita zai ce wannan ciwo ne. Jinin da ya kasa wucewa sai ya taru a baya. Ruwa ya shiga huhu, shi ne haki da tari. Ya taru a ƙafafu da ciki, shi ne kumburi. Wani lokaci jini kan daskare a cikin zuciyar, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, a wayi gari mai jego ta samu shanyewar ɓarin jiki.

A Amurka ana samun mace ɗaya cikin haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu huɗu. A Japan, kusan ɗaya cikin dubu ashirin. A yankinmu kuwa, lissafin ya kai kusan ɗaya cikin ɗari.

Daga Zariya zuwa Sakkwato da Yamai

Ba yau aka fara binciken nan ba. A shekarun 1970, wasu likitoci Turawa biyu da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bibiyi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ga kusan dukkan matan Hausawa ne da Fulani, kuma ciwon ya fi yawa a lokacin zafi da damina. Sai suka ɗora alhakin a kan al'adu uku: wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa na ɗauke da sinadarin gishiri mai tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki.

Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci, ya zagaya duniya. Shekaru da dama, duk inda aka ambaci wannan ciwo sai an ambaci matan Hausawa da kanwa.

A 2007, Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102. Ke nan bayan shekara talatin ciwon yana nan da ƙarfinsa.

Sai dai tun kafin nan wani haske ya fito daga maƙwabta. A 1992, likitoci a Yamai ƙarƙashin jagorancin wani Bafaranshe, Arnaud Cenac, sun auna jinin masu wannan ciwo suka ga wani sinadari mai suna seleniyam ya yi ƙaranci ƙwarai a jikinsu. Matan Nijar da na arewacin Jigawa kuwa ƙasa ɗaya suke nomawa, cima ɗaya suke ci, iyaka ce kawai a tsakani.

Maganar seleniyam

Seleniyam sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, amma yana taimakawa wajen kare tsokar zuciya daga lalacewa. Daga ƙasa yake shiga tsirrai, daga nan ya shiga dabbobi da mutane. Idan ƙasar noma ba ta da shi, hatsin da aka girbe ma ba zai samu sosai ba. An san haka daga ƙasar Sin, inda a yankin Keshan wani ciwon zuciya ya riƙa kashe yara da mata matasa, har aka gano ƙasar wurin ba ta da seleniyam, aka fara ba mutane, ciwon ya ja baya.

Farfesa Ƙaraye ya ɗauki wannan tambaya ya kawo ta Kano. A binciken da ya wallafa a 2015, ya kwatanta jinin masu ciwon su 39 da na masu jego lafiyayyu su 50. Kusan kashi 77 cikin 100 na masu ciwon seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa matuƙa, alhali a cikin lafiyayyun kashi 22 ne kawai. Ya kuma lura cewa matan karkara sun fi shiga haɗarin.

A 2020 ya wallafa gwajin da aka yi da mata 100 masu ciwon da kuma ƙarancin sinadarin. Duka suna shan maganin zuciya, amma wasu aka ƙara musu ƙwayar seleniyam na wata uku. Waɗanda aka ƙara wa sun fi samun sauƙin haki da kumburi. Gwajin ƙarami ne, na share hanya, don haka ba izini ba ne a ruga kemis a saya. Seleniyam idan ya yi yawa guba ne, yana zubar da gashi ya lalata farce. Likita ne zai ce a sha ko kada a sha.

Binciken da ya karaɗe ƙasa

Babban aikin da aka fi sanin Farfesa Ƙaraye da shi shi ne rajistar masu wannan ciwo ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka sa wa suna PEACE. Shi ya jagoranci likitoci a asibitoci 22 a faɗin Nijeriya, cikinsu har da mata ƙwararru irin su Dakta Hadiza Sa'idu ta Kano. Daga 2017 zuwa 2018 suka yi rajistar mata 406 masu ciwon, da wasu 99 lafiyayyu don kwatance. Sakamakon ya fito a 2020.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na matan daga arewa maso yamma suke. A Kano an samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96, adadin da ba a taɓa samun wanda ya fi shi ba a ko'ina.

Da aka tace bayanan don a ga su wa ciwon ya fi kamawa, abubuwa huɗu suka fito fili: rashin karatun zamani, rashin sana'a ko aikin yi, rama, da hawan jinin masu ciki, wanda idan ya tsananta yake kai wa ga jijjiga. Wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su fito a matsayin abin da ya bambanta masu ciwon da lafiyayyu ba. Haka nan zama Bahaushiya ko Bafulatana shi kaɗai bai zama dalili ba.

A taƙaice, binciken ya juya yatsa daga tukunyar wanka zuwa tukunyar tuwo, da katin awon ciki, da halin da mace ke ciki a gidanta. Macen da ta shiga goyon ciki a rame, ba ta da abin hannunta, ba a auna jininta ba har ta haihu, ita ce a bakin rami.

Masana a wasu ƙasashe sun ƙara da wasu dalilai. An gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciwon suna ɗauke da wani rauni na gado a tsokar zuciya, wanda cikin ne ke fito da shi. Haihuwar tagwaye ma na ƙara haɗari. Idan a danginku an taɓa samun wadda ta yi irin wannan ciwo, ki faɗa a wurin awo.

To, a ci gaba da kanwa ke nan?

A'a, a nan sai an yi hattara. Cewa kanwa ba ita ce tushen ciwon ba daban, cewa ba ta cutar da mai ciwon kuma daban. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga jini. Matar da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, idan ana ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, ana ƙara wa jaki kaya ne alhali ya riga ya durƙusa. Haka ruwa mai tsananin zafi da ɗakin da aka turnuƙe da wuta, suna sa zuciya gudu, suna iya sa jiri da faɗuwa, ban da ƙuna.

Abin da ya fi dacewa shi ne wanka da ruwa mai ɗumi wanda fata za ta iya jurewa, kunu na gero ko gyaɗa ba tare da an cika kanwa ba, a kuma rage gishiri da dunƙulen miya. Mai kumburi, mai haki, ko wadda aka taɓa ce wa jininta ya hau, ta bar kanwa gaba ɗaya. Kulawar da iyaye ke yi wa mai jego, hutu da abinci mai kyau da ɗauke mata aiki har arba'in, wannan alheri ne, a riƙe shi.

Abin da ke biyo baya

Tawagar ta ci gaba da bibiyar mata 244 har kusan wata 17. A cikin wannan lokaci kusan kashi 19 cikin 100 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin biyar. Waɗanda zuciyarsu ta warke ta koma daidai ba su wuce kashi 23 ba. Sauran suna raye amma da rauni.

Waɗanda suka fi rasuwa su ne 'yan ƙasa da shekara 20, da waɗanda suka zo jininsu ya yi ƙasa, zuciya na gudu, ko ƙarfin bugun ya faɗi ƙasa da kashi 25. Amma akwai labari mai daɗi: matan da suka lizimci shan maganin da ke rage gudun zuciya ya ba ta hutu, sun fi tsira. Magani yana aiki idan an zo da wuri kuma an ɗore.

Matsalar da aka fi samu ita ce da kumburi ya sace, numfashi ya daidaita, sai a ajiye magani a ce an warke. Maganin fitsari ne ya janye ruwan, amma tsokar zuciya tana buƙatar watanni, wani lokaci shekaru, kafin ta farfaɗo. Hoton zuciya ne kaɗai zai nuna ko ta warke, likita ne kuma zai ce a rage ko a daina.

Gwajin da ya iso Dutse

Babbar matsala a karkara ita ce na'urar hoton zuciya da mai iya sarrafa ta ba ko'ina ake samu ba. Don haka aka gwada wata dabara. Daga 2022 zuwa 2023, likitocin Nijeriya tare da na asibitin Mayo da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dakta Demilade Adedinsewo, suka gwada wani abin sauraren ƙirji na zamani mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ana ɗora shi a ƙirji na ɗan lokaci, ya nuna ko akwai alamar rauni a zuciya.

An yi gwajin da mata kusan 1,200, masu ciki da masu jego, a asibitoci shida, ciki har da na Malam Aminu Kano da Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. Farfesa Ƙaraye na cikin masu binciken. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna an gano masu raunin zuciya ninki biyu a ɓangaren da aka yi amfani da na'urar: kusan 4 cikin 100, maimakon 2 cikin 100 a awo na yau da kullum. Ma'ana, akwai mata da yawa da ke zuwa asibiti da ciwon su koma gida ba a gane ba, domin alamominsa na kama da nauyin ciki.

Alamomin da ba a jira da su

'Yar uwa, daga watan ƙarshe na ciki har zuwa wata biyar ko shida bayan haihuwa, ki lura da waɗannan:

- Haki a kan ɗan ƙaramin aiki, kamar shara, ɗaukar jariri ko sallah.
- Kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, ko kwana a zaune.
- Farkawa tsakar dare numfashi na neman ɗaukewa.
- Tarin dare, musamman mai kumfa ko mai ɗan jini.
- Kumburin ƙafa da ke ƙaruwa bayan haihuwa maimakon ya sace, ko kumburin ciki da fuska.
- Bugun zuciya da sauri, jiri, ko suma.
- Karkacewar baki, sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu da ƙafa.

Ɗan kumburin ƙafa a ƙarshen ciki abu ne da aka saba, kuma yakan tafi cikin kwanaki bayan an sauka. Wanda ya zo da haki, ko ya ƙi tafiya, shi ne abin tsoro. Idan numfashi yana wahala ko a zaune, ko aka ga alamar shanyewar jiki, a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Daga ƙasar Gumel, ina za a nufa?

A fara da asibiti mafi kusa, a auna jini, a saurari ƙirji. Idan ana zargin zuciya, a nemi takardar tura mara lafiya zuwa Babban Asibitin Gumel, daga can kuma zuwa inda ake hoton zuciya, kamar Dutse ko Kano. Daga Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne. Tafiya ce mai cin kuɗi, amma ta fi sauƙi a yi ta mace tana iya zama a mota da kanta.

Ki yi wa ma'aikacin lafiya bayani filla-filla. Ki ce, "Malam, yau kwana kaza da haihuwata, ba na iya kwanciya sai a zaune, ƙafafuna suna ƙara kumbura, don Allah a duba min zuciyata." Ki tafi da katin awonki da duk maganin da kike sha, har na gargajiya.

Abu ɗaya da za a kiyaye sosai shi ne ƙarin ruwa a gida ko a kemis. An saba idan mutum ya galabaita a ce a sa masa ruwa. Ga mai wannan ciwo, ruwa ne ya riga ya yi mata yawa, leda ɗaya na iya cika mata huhu. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna riƙe ruwa suna taɓa ƙoda. Kada a sha sai da izinin likita.

Batun shayarwa kuma, akwai magungunan zuciya da ke tafiya da ba da nono. Ki gaya wa likita kina shayarwa, shi zai zaɓa miki. Kada ki yaye jariri ko ki bar magani da ra'ayin kanki.

Wani cikin fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mata, kuma ba a son a ɓoye gaskiya a kanta. Idan zuciya ba ta warke ba aka sake ɗaukar ciki, haɗarin ya yi yawa, har ga rai. Ko ta warke, ciwon na iya dawowa. Wasu magungunan zuciya kuma suna cutar da ɗan tayi. Saboda haka wadda ta taɓa yin ciwon tana buƙatar tazara, da hoton zuciya kafin ta sake ɗaukar ciki, da awo a babban asibiti idan ta samu. Hanyoyin ba da tazara ma ba duka ne suka dace da mai ciwon zuciya ba, sai an zaɓa mata. Wannan shawara ce ta mutum uku: ke, maigida da likita. Ki roƙi maigida ya raka ki ya ji da kunnensa.

Aikin gida ne gaba ɗaya

Mai jego ba ita ke yanke shawarar tafiya asibiti ba a yawancin gidajenmu. Maigida ne, ko uwar miji, ko mahaifiyarta idan ta je wankan gida. Don haka wannan bayani nasu ne su ma. Inna da Gwaggo da ke tsaye a kan wanka su ne suka fi kowa ganin jikin yarinya safe da yamma, su za su fara ganin kumburi, su za su ji tarin dare. Idan suka ce a tafi asibiti, ba mai musa musu.

Rigakafin kuma tun kafin haihuwa yake farawa. A je awo da wuri, a tabbata an auna jini da fitsari a kowane zuwa. A ciyar da mai ciki. Ƙasar Gumel ƙasar wake ce da gyaɗa da riɗi, kasuwar Maigatari kuma duk Alhamis cike take da dabbobi. Kada a kai komai kasuwa a bar mai ciki da tuwo da miyar kuka tsura. Ƙwai, kifi, hanta, nama da nono suna gina jiki, kuma suna cikin abincin da ake samun seleniyam. Ko kaza biyu mace ta ajiye a gida, ƙwansu na iya zama nata da na abin da ke cikinta.

Sai karatun 'ya'ya mata da sana'a. Binciken Farfesa Ƙaraye ya sa su a jerin abubuwan da ke raba mai ciwo da mai lafiya. Yarinyar da ta yi karatu ta fi saurin gane alama, wadda ke da 'yar sana'a tana da kuɗin mota a bakin zaninta. Wataƙila kuma a cikin 'yan matan da ke aji yau a Gumel ko Maigatari akwai wadda za ta bi waccan doguwar hanya ta shekara goma sha biyar, ta dawo ta zama likitar zuciyar da yankin ke buƙata.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jinya sauƙi, ya raya mana zuri'a.